Madambatai Bakwai a Soron Si Mufaddal

Ranar Talata, tara ga watan Yuni na shekarar 1987, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, aka fara zaluntar Si Mufaddal, wanda ya koyar da yaran garin Alkasar shekara talatin da takwas kafin ya ajiye alli. A daidai wannan lokacin ne Layashi, ƙanin matarsa, ya turo ƙofar gidan da gwiwa, domin hannuwansa biyu riƙe suke da jakar kayan aikin da ba wanda ya ce ya kawo.

Abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba. Shamuwar da ke da sheƙa a kan hasumiyar masallacin lungu ce ta sauka a kan eriyar talabijin ɗin Malam, ta girgiza ta, sukuru ɗaya daga cikin biyun da ke riƙe waya ya kwance. Malam ya hango shi da idonsa. Eriyar tana can saman ɗakin matakala, sai da tsani, gwiwarsa kuwa ta daɗe da raba gari da tsani. Ya riga ya aika wa mai gyara na bakin kasuwa, ya ce zai zo Laraba.

Gaggawar kuwa ga dalilinta. A watan Afrilu mutanen talabijin sun zo ɗaukar hoton tsofaffin makarantu, suka tsayar da Malam a ƙofar ajinsa na da, ya yi magana minti huɗu cif, ya duba agogo. An sanar za a nuna shirin ranar Juma'a, sha biyu ga wata, da ƙarfe shida da minti arba'in na yamma. Sau ɗaya. Malam bai taɓa ganin kansa yana magana ba, kuma ya gayyaci duk lungun.

"Malam, wai mai gyara ka kira, ina raye?" in ji Layashi.

"Sukuru ɗaya ne, Layashi."

"Shi ya sa kuka tsufa da tasha ɗaya. Ni da na yi aiki a Sabta, garin da ke hannun 'yan Sifen? Ba gyara zan yi maka ba, ɗaukaka ka zan yi. Sifen tasha biyu, Fotugal ɗaya. In iska ta yi kyau har Italiya sai ta leƙo."

Abin da aka tabbatar game da aikin Sabta shi ne wata huɗu yana sauke kwalayen talabijin daga mota zuwa shago, kuma an sallame shi ranar da ya yar da ɗaya.

"Ba na son Italiya," Malam ya ce. "Kaina nake so in gani."

Matarsa Rahimu ta leƙo daga madafa. "Bar shi ya taɓa mana, ɗan'uwana ne. Ƙafarsa lafiya lau, taka kuwa sai addu'a."

Kafin Malam ya haɗa amsa, Layashi ya kai rabin matakala. Bai aika ba, bai yi tari ba, bai ce ga namiji nan tafe ba, alhali ko ɗan shekara goma ya san saman soro, wato rufin gida, na mata ne da hantsi. Yana ɓullowa ya tarar da Lalla Zuhur, maƙwabciyarsu ta jikin bango, kanta a buɗe ya sha lalle, tana motsa alkamar da ta wanke ta shanya.

"Wane mara kunya ne ya hau mana soro?"

"Injiniya ne, Lalla Zuhur, ki kau da kai."

"Ni zan kau da kai? Injiniyan gidan wa? Ba kai ne Layashin da uwarsa ke ɗaure wa wando da igiyar shanya ba?"

Ya ja da baya yana kare fuska, ya tsallaka guntun bangon da ya raba sorayen ba tare da ya sani ba, ya taka alkamar. Alkama jiƙaƙƙiya ba ta riƙe mutum. Malam yana ƙasa ya ji dim, sannan ya ga ƙwayoyin alkama suna zubowa tsakar gida ta indararo, har cikin kofin shayinsa.

Duk da haka Layashi ya tashi ya karkaɗe, ya yanke hukunci cewa tsohuwar waya ce matsala. To wayoyin gidaje bakwai na lungun duk ta bango ɗaya suke sauka, kuma kowace bazara in mata sun shafe bangon da farar ƙasa, har da wayoyin suke shafewa. Duk fari fat, ba ka bambance ta wani da ta wani. Mai hankali zai bi waya da hannu daga eriya. Layashi ya ce shi da ido yake ganewa. Ya datse ɗaya, ya leƙa.

"Malam, ta mutu?"

"Da ma a mace take, me kake so ta ƙara yi?"

"To ba ita ba ce."

Ya datse ta biyu. Ya datse ta uku. A ta biyar ya samu ta Malam.

Da yamma tasha ta buɗe, lokacin wasan kwaikwayon Masar da duk matan lungu ke bi, gida huɗu suka kunna, ba abin da suka gani sai tsaki baƙi da fari yana zuba. Bushta wanzami, mai shago a bakin lungu, shi aka wakilta. Ya shigo da almakashi a aljihu.

"Si Mufaddal, matata ta ce in tambaya, yarinyar nan ta wasan ta auri likitan ko ba ta aure shi ba? Don ta ce ba za ta zuba mini abinci ba sai ta sani."

"Tambayi injiniya."

"Tsohuwar waya duk ciwo ce," in ji Layashi, bakinsa cike da zaitun ɗin yayarsa. "Kyauta na yi muku tiyata."

Laraba da safe ya ɗaura wayoyin, kowace inda hannunsa ya kai. Talabijin ɗin Bushta ya koma shan hoto daga eriyar Lalla Zuhur, tata kuma aka haɗa ta da igiyar ƙarfe ta shanyar gidan liman. Mai gyara na bakin kasuwa ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Layashi ya tare shi a ƙofa ya ce an gama, ya koma. Malam yana banɗaki, bai ji wannan ba sai bayan kwana biyu.

Sannan aka shiga babban shiri. Kowa ya san akwai masu ɗaura madambacin kuskus ɗaya a jikin eriya don su kamo Sifen ranar da teku ta yi laima. Layashi ya ce ɗaya na matsorata ne.

"Lissafi ne, Malam, kai ma ka koyar. In ɗaya na kamo tasha ɗaya, bakwai fa?"

"Ba haka ake lissafi ba."

"A Sabta haka ake yi."

Ya bi gida gida yana cewa Yaya Rahimu ce ta aiko shi aro, za a mayar kafin safiyar Juma'a, ranar da kowane gida ke turara kuskus. Ba macen da za ta hana Rahimu madambaci. Ya tara shida. Na bakwai na jan ƙarfe ne, wanda Rahimu ta gada wurin kakarsu, ya ɗauke shi tana wurin gasa burodi. Da azahar lungun ya cika da ƙarar guduma. Ramukan madambaci ƙanana ne, tururi kawai suke wucewa, shi kuwa bututun ruwa yake so ya zura. Sai ya faɗaɗa na tsakiya, kowanne har dunƙulen hannu na shiga.

Rahimu ta hau ta gani. Ta nuna na jan ƙarfen da yatsa.

"Layashi, na Kaka ne wannan?"

"Yaya, Kaka da ta san zai kamo Fotugal, da kanta za ta miƙo shi."

Ta cire takalmi. Ya haye tsani.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku aka tsayar da abin. Bututu ne mai tsawon mutum uku, madambatai bakwai a jere kamar tsire, eriyar Malam a can ƙoli ta karkace. Daga kasuwa ana hango shi. Wani mai jaki ya tsaya ya tambaya ko sabon waliyyi aka samu a unguwar.

Saura juyawa a nemo hoto. Daga soro ba a jin mai magana a falo, don haka aka jera mutane: Malam a gaban talabijin, Rahimu a tsakar gida, Bushta a matakala, Layashi a sama rungume da bututu. Malam kuwa bai iya gajeriyar magana ba, tarbiyyar aji ce.

"Ki sanar da shi cewa hoton ya fara bayyana, ya dakata a nan."

"Bushta, wai ya dakata."

"Me ya gani tukuna?" in ji Bushta.

"Ina ruwanka? Ka faɗa masa."

"Layashi, an ce ka tsaya."

Kafin saƙon ya hau bene biyu, Layashi ya riga ya wuce wurin da taku guda.

"Ki ce ya koma inda yake ɗazu."

"Wane ɗazun?" aka aiko daga sama.

Sau goma sha ɗaya aka yi haka. A na sha biyu shamuwar ta gaji da walƙiyar da madambatai ke haska wa 'ya'yanta, ta taso daga hasumiya ta nufo shi da baki a miƙe. Layashi ya ɗaga sanda.

"Ka taɓa ta ka gani," Lalla Zuhur ta ce daga soronta. "Wanda ya doki shamuwa ba ya gamawa lafiya. Ko da yake kai ba ka fara lafiya ba ma."

Ya yar da sandan ya durƙusa, kansa ya bugi bututun, bututun ya juya da kansa. A falo sai ga hoto tangaran: wata mata mai jan baki tana magana da yaren Sifen, har ana iya ƙirga 'yan kunnenta.

Bushta ya manta da aikinsa ya gangaro. Rahimu ta shigo da ludayi. Layashi ya sauko yana dafe da ƙulu a goshi, ya tsaya a ƙofa kamar wanda ya ci yaƙi.

"Gani ya kori ji. Wa ya ce wani abu game da Sabta?"

"Tamu fa?" Malam ya tambaya. "Tashar ƙasa?"

"Ba su buɗe ba tukuna, sai shida da rabi. Malam, wanda ya kamo ƙetaren teku, Rabat, babban birninmu, ce za ta gagare shi?"

Ya koma sama, wai zai ɗan tattara kaya. Ashe siminti ya kwaɓa, rabin buhu, ya dasa gindin bututun a jikin bangon soro don kada iska ta motsa masa Sifen.

Shida da rabi ta yi, Malam ya murɗa zuwa tashar ƙasa. Tsaki. Ya murɗa baya, ya murɗa gaba. Tsaki da huci.

"Simintin ne bai bushe ba," in ji Layashi. "Ɗanyen siminti yana shanye hoto. Gobe war haka har gashin hancinka sai an gani."

Juma'a ta waye, gida bakwai ba madambaci. An jiƙa gari, an yanka kabewa, nama na kan wuta, ba abin turarawa. Maza suka dawo daga masallaci suka tarar da miya da burodi. Liman da kansa, wanda ya yi huɗuba a kan haƙuri, aka ji shi ta taga yana tambaya ko shi maraya ne a gidansa. Ƙarfe biyu mata shida suka tsaya a ƙofar Malam, Lalla Zuhur a gaba.

"Rahimu, aro kika ce. Ga shi can nawa na uku daga sama, ina hango rana ta cikinsa."

Layashi ya leƙo ta bayan yayarsa. "Ramin zai sa ya fi saurin dahuwa."

"Zo in gwada a kanka."

Malam ne ya fito, ya tsaya kamar a gaban aji. Ya roƙe su da girman Allah da na maƙwabtaka su ba shi awa biyar. In an gama shirin, su sauke abin, su yi yadda suka ga dama da shi da mai shi. Aka yarda, saboda duk cikinsu ba wadda bai koyar da ɗanta ba.

Ƙarfe shida da kwata mutum talatin da ɗaya ne a falon da tsakar gida, Malam ya ƙirga. Ya sa farar jallabiyar da aka ɗauke shi da ita, don a gwada. Rahimu ta zagaya da shayi da na'a-na'a. Shida da rabi aka kunna. Tashar ƙasa tsaki. Layashi ya ce a bar shi ya ɗan taɓa, ya murɗa, sai ga fili cike da mutane, da wani siriri cikin matsattsen wando mai ƙyalli yana kaɗa wa baƙin bijimi jan ƙyalle.

"Mayar da ita," in ji Malam.

"Dakata kaɗan, Malam," Bushta ya ce, ya matso da kujera. "Wannan sa ai ya yi kilo ɗari biyar."

"Saura minti shida."

"Soke shi, ɗan albarka," in ji Lalla Zuhur, da bijimin take. "Wa ya aike shi da wandon mata?"

Liman ya ce wannan wasa haramun ne, amma bai kau da ido ba. Baƙin da aka gayyato don su ga shekara talatin da takwas na koyarwa suka rabu biyu, wasu na sa, wasu na mai wando. Malam ya kama Layashi ta kwalar riga, abin da bai taɓa yi wa ko ɗalibi ba.

"Hau ka juya ta kudu. Yanzu."

"Malam, ai simintin ya bushe."

"Jiya ka ce bushewar muke jira."

"To ai ta zo."

Ya hau dai. Aka ji yana nishi. Bututun ko gezau. Ya sauko da gudu ya ɗauki taɓaryar ƙarfe ta Rahimu ya koma. Saura minti biyu. Ya zura taɓaryar tsakanin siminti da bango, ya taka da ƙafa biyu, ya kira sunan wani waliyyi. Simintin ya riƙe amana, bai saki bututun ba. Bangon ne ya saki, bangon da ya girmi kowa a lungun.

Abin ya tafi a hankali, kamar mai ruku'u. Ya kwashi igiyar shanyar Lalla Zuhur da duk abin da ke kanta, ya bi ta kan wayoyi bakwai ɗin nan ya tsinke su a tare, ya kifa cikin lungu. A falo wayar ta miƙe, talabijin ya ja da baya a kan teburinsa kamar an kira shi, ya bar bijimin a tsakiyar gudu, Bushta ya yi tsalle ya rungume shi a bakin taga. A waje madambatai suka zare daga bututu ɗaya bayan ɗaya, suka gangara lungun suna kiɗa, na jan ƙarfe a gaba, karnuka a baya. Can sama Layashi na rataye a indararo da hannu biyu, wani babban farin wando daga shanyar Lalla Zuhur ya rufe masa kai.

"Kada a taɓa komai," yake cewa daga cikin wandon. "Gyara kaɗan ya rage."

Shida da minti arba'in da ɗaya. Ba talabijin mai rai ko ɗaya a lungun. Malam bai tsaya ba. Da gwiwar nan tasa, da takalmi ƙafa ɗaya, ya bi bayan madambatan zuwa gidan shayin bakin titi. Ya tsallake biyu, na uku ya harɗe shi, ya tashi. Yana sa kai cikin gidan shayin mutane suka miƙe suna tafi. Ya ɗaga ido, sai ya ga wani mutum da bai sani ba tsaye a ƙofar wata makaranta a garin Meknas.

"Yanzun nan ka wuce, Malam," in ji mai shayi. "Kai, ka yi kyau."

"Me na ce?"

"Ka ce an gina makarantar a arba'in da ɗaya."

"Talatin da takwas na ce."

"Ni dai arba'in da ɗaya na ji."

"Ba a ji sosai ba saboda akuyar," wani direba ya sa baki.

"Wace akuya?"

"Wadda ta tsaya a bayanka tana cin takardar jikin ƙofa. Ai ita aka fi nunawa."

"Ƙarya ne, ba akuya," in ji wani tsoho. "Amma hularka a karkace take."

Malam ya zauna a kujerar da aka miƙo masa, ya tambayi mutum goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Tara sun ga akuya, uku ba su gani ba, biyu sun ce tunkiya ce. Game da minti huɗunsa, wani ya ce bai kai ɗaya ba. Duk garin Alkasar ya ga Si Mufaddal a ranar, har da waɗanda ya kora daga aji, in ban da Si Mufaddal da mutum talatin da ɗaya da suka amsa gayyatarsa.

Washegari mai gyara na bakin kasuwa ya zo ya tsayar da eriyar, ya ɗaura waya, ya ƙara sukuru. Minti tara.

Da a ce Layashi ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, da an bar wa Allah. Amma tun ranar Lahadi yana zaune a wannan gidan shayin yana ba da labarin yadda ya kawo Sifen cikin lungu, mutum talatin shaida, sai dai bangon mijin yayarsa ruɓaɓɓe ne, talabijin ɗinsa kuma tsoho. Har mutum biyu sun ce ya zo ya duba musu nasu.

Saboda haka ga abin da Si Mufaddal yake nema, kuma ba zai rage ko ɗaya ba. Ba ya son diyya. Maganar madambatai tsakanin Layashi ce da mata bakwai, Allah ya ba shi sa'a. Abin da yake so shi ne ranar Juma'a mai zuwa, da an sallame, Layashi ya tsaya a ƙofar masallacin lungu, gaban liman da Bushta da duk wanda ya ci miya da burodi, mata kuma suna ji daga soro. Ya faɗa da bakinsa cewa bangon lafiyarsa lau, talabijin ɗin lafiyarsa lau, sukuru ɗaya ne, kuma a Sabta kwali yake ɗauka. Sannan ya juyo ya dubi mijin yayarsa, ya ce ya hana shi ganin abin da ba za a sake nunawa ba, ya nemi gafara da murya irin wadda na sahun baya zai ji. In ya yi ƙasa-ƙasa da ita, za a ce ya maimaita.